Hattara da Masu Sayar da Jabun Zanen Tsofaffin Jiragen Ruwa

Akwai damfarar da ke cinye kuɗin masu sha'awar tarihin jiragen ruwan shaƙatawa da na tsere. Za ka ga talla a shafin gwanjo na intanet, wai an tsinci zane a akwatin wani kaka da ya yi aiki a wurin ƙera jirage. Ga sunan wani shahararren mai zana jiragen ruwa kamar William Fife ko Nathanael Herreshoff a gefe, takarda ta yi jawur kamar ta shekara ɗari. Sai a ce maka wani ya riga ya taya, ka turo kafin alƙalami kafin gobe. Don Allah kada ka tura komai sai ka bincika.

Abin da aka fi yaudarar mutane da shi shi ne shuɗiyar takardar nan mai fararen layuka da ake kira bulufirin. Ko da tsohuwa ce ta gaske, kwafi ce. Mai zane yakan fara da fensir, a maimaita zanen da tawada a kan yadin lilin mai shara-shara da aka shafe da sitaci, sannan a ɗora yadin a kan takarda mai sinadari a haska, a fitar da kwafi ko nawa ake so. Masanin kimiyya John Herschel ne ya gano wannan hanya a 1842. Tsohon kwafi yana da tasa daraja, musamman idan kafintocin jirgin sun yi rubutu a jikinsa, amma wanda ya sayar maka da shi da sunan zanen hannun mai shi ya cuce ka.

In takardar ta zo hannunka, sa gilashin da ke ƙara girma sau 10 a kan layi ɗaya. Tawadar alƙalami takan tafi santal, ta ɗan taru inda aka tsaya, ta injin buga takarda kuwa ɗigo-ɗigo za ka gani. Karkata takardar a gefen fitila ka nemi ƙananan hujin da tsinin kamfas ya bari da gurbin gogewa, don zanen da aka yi aiki da shi ba ya rasa su. Ka shiga duhu ka haska ta da fitilar UV, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita: idan ta yi ƙyalli fari mai shuɗi-shuɗi, akwai sinadarin ƙara haske da aka fara sa wa takarda a shekarun 1950. Sa hannu da biro a zanen da aka ce na 1920 ne, magana ta ƙare, biro bai shiga kasuwa sosai ba sai tsakiyar shekarun 1940. Tsufan da aka yi da ruwan shayi kuma yakan bar shatar ruwa, har cikin ninki launi ɗaya.

A yi taka-tsantsan na musamman da sunan Herreshoff. Shi siffar jirgi ba a takarda yake fara fitar da ita ba. Rabin jikin jirgin yake sassaƙawa da katako, ya auna shi, ya rubuta ma'aunin a littafi. Saboda haka duk zanen siffar jikin jirgi da aka ce hannunsa ne abin tuhuma ne. Zane-zanen kamfaninsa na Bristol a jihar Rhode Island, dubbai, suna gidan tarihin jami'ar MIT a Amurka. Tura musu hoto su gwada da nasu.

Sannan ka bi lamba. Kamfanin Sparkman & Stephens, mai zana jiragen ruwa, da aka kafa a 1929, yana ba kowane zane lambarsa, misali jirgin Dorade shi ne na 7. Duba sunan jirgin, tsawonsa, shekararsa da wanda ya ƙera shi a littafin rajistar jiragen shaƙatawa na Lloyd's, wanda ya riƙa fitowa daga 1878 zuwa 1980. Ɗauki ruler ka auna zanen da ma'aunin da aka rubuta a ƙasansa. Kwafin da aka rage ko aka ƙara wa girma ba zai fitar da tsawon jirgin daidai ba.

Nemi hoton bayan takardar, da tarihin hannuwan da ta bi a rubuce, da rasit mai cewa ƙarara "zanen asali". Ka biya ta hanyar da za a iya dawo maka da kuɗinka. Kada kuma ka yarda da wanda ya ce sayen takardar ya ba ka izinin ƙera jirgin, wannan haƙƙin yana iya kasancewa a hannun kamfanin ko magadan mai zanen.