Hattara da mai saida kartush "modifiye", ya ci mini jika 52

Jama'a salamu alaikum. Kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan abu ina gogewa don kunya, amma yau sai na faɗa. Jika 52 aka ci mini a nan Yamai, da rana tsaka, cikin shagona, har ina ce ma mutumin na gode Allah ya saka.

Ina da ƴar sakatariya a Harobanda wajen jami'a, buga takardu da fotokopi. Ƙaramar Canon gare ni, injin buga takardu mai kartush biyu (kartush shi ne ɗan akwatin tawadar injin), 445 baƙi da 446 mai kala, kuma duk mai wannan sana'a ya san na asali tsada gare su kuma ba su jimawa. Sai na ga wani a gurup na WhatsApp yana tallar kartush wai modifiye, an huda shi an sa marfin roba, kai da kanka za ka riƙa ɗura tawada da sirinji, wai shekara biyu ba ka sayen wani. Kuma kar wani ya ce mini wauta ce, shekara bakwai ina wannan aiki, ɗurin kartush abu ne da ake yi kuma yana aiki, na ga masu yi da idona. Ban tura kuɗi a makance ba, cewa na yi ya zo shago ya gwada a gabana.

Ya zo. Yaro ne mai tsabta, da ƴar jakarsa, yana ta ce mini babban yaya. Ya sa kartush ya fitar da hoto, wallahi kamar na studiyo, baƙin ya yi baƙi wuluk. Aka kira la'asar muka yi salla tare, ni na ba shi buta da hannuna. Da muka dawo ya ce bari ya cika mini su taf kafin ya tafi, ni kuma wata ɗaliba ta shigo da kile, wato USB, za ta fitar da takarda, na juya mishi baya minti biyu. Minti biyun nan su nake ta juyawa a kaina har cikin dare. Na juyo na tarar ya rufe injin yana share hannu da tsumma yana cewa babban yaya ko tsakar dare ne ka kira ni. Na ƙirga mishi jika 30 a hannu, na tura jika 15 ta waya. Jika 45. Ban sake gwadawa ba, don me zan sake, ai na gani da idona.

Kwana uku baƙin ya koma ruwan toka, layi-layi fari a tsakiyar rubutu, jan ya ɓace gaba ɗaya har fuskar mutum ta fito kore-kore. A'a tsaya, tun washegari ma na ga ya ɗan yi haske na ce ko takardar ce. Na kira shi ya ce hazo ne da zafi suka busar da kan kartush ɗin, in yi netuwayaj, wato wankin kai da injin ke yi da kansa. Na yi sau shida, ashe kowane netuwayaj tawada yake zuƙewa. Ya ce in dangwala kan a ruwan ɗumi, na yi. Sai ya ce akwai wani ruwan wanki na musamman jika 7, ya aiko ɗan kabu-kabu da shi. Na biya! Ni da hankalina na ƙara mishi jika 7 a kan 45. Wannan ita ta fi ci mini rai, don lokacin uwargida ta riga ta ce mini Malam yaron nan bai kwanta mini ba, na ce ke me kika sani a injin.

Ranar da ya toshe lambata ita ce ranar da wani ɗalibi ya dawo mini da memuwar ɗinsa, wato kundin bincikensa, shafi 80 wai malaminsa ya ce ba ya karantuwa. Na mayar mishi da kuɗinsa, ga takarda kusan rabin ram ta tafi a banza, wannan ma ban sa shi cikin 52 ɗin ba.

Na kwashi kayan na kai ma wani dattijo mai gyara a kasuwar Katako. Ya jiƙa takardar goge hannu ya danna kan kartush mai kala a kai, ya ce in lafiya lau yake layi uku za ka gani, shuɗi da ja da rawaya. Ɗaya da rabi muka gani. Ya ɓalle murfin, soson ciki ya bushe ƙamas kamar tsohon burodi, ƴar kafar da iska ke shiga kuma an liƙe ta da gam, ya ce in iska ba ta shiga tawada ba ta sauka ko ka cika shi fal. Ya ce irin wannan kartush zafi yake amfani da shi wajen fesa tawada, tawadar ce ke sanyaya kan, in ya yi ta aiki a bushe sai ya ƙone, kuma wanda ya ƙone ba wankin da zai tashe shi. Ya ce kartush ɗin nawa tsofaffi ne da aka yar, aka wanke aka liƙa musu sabuwar takarda. Tawadar kwalbar ya ɗiga ta a farar takarda ya ce an tsinka ta da ruwa. Shi kuma "modifiye" ɗin da yaron ya ce ya yi don injin ya daina cewa tawada ta ƙare, ashe maɓallin tsayarwa ne kawai ake dannewa kamar daƙiƙa biyar, kowa na iya yi kyauta. Dattijon ya dube ni ya ce Malam da wane kartush aka yi maka gwajin? Na yi shiru.

In za ku saya, ku sa da hannunku, ku fitar da shafi 20 ba ɗaya ba, kuma kar ku juya baya.

Kaptir, wato hoton allon waya, na hirarmu da sakon turin jika 15 da muryoyinsa duk suna nan, zan sa su anjima in wuta ta dawo na yi caji. Ruwan wankin jika 7 kuma yana nan kan tebur, na shinshina shi, ƙamshin sabulun wanke kwano yake yi.