Gidan Tarihin Curie na Paris: Shiga Kyauta, Awa Ɗaya Ta Isa

Wanda ya je Paris kuma yana da sha'awar kimiyya, ya ware yamma ɗaya don Musée Curie, gidan tarihin masaniyar kimiyya Marie Curie da iyalinta. Yana kan titin Pierre et Marie Curie, ba nisa da Panthéon (ginin da ake binne manyan mutanen Faransa), a hawan ƙasa na ginin Cibiyar Radiyom da aka gama a 1914. Ba a biyan ko sisi. Da rana suke buɗewa, kuma ba kullum ba, don haka a duba lokaci kafin a kama hanya.

Wurin ɗan ƙarami ne. Ga ofishin Marie Curie da teburinta, ga ɗakin gwaje-gwajenta a manne da shi, kwalabe jere a kan kanta. Sai a 1981 aka tsabtace ɗakin daga gubar radiyom, sinadarin da ke fitar da tururi mai haɗari wanda ba a gani da ido, ita kuwa ta rasu tun 1934.

Inda na fi daɗewa shi ne gaban na'urar awo. Da ita ɗalibai ke auna ƙarfin tururin da sinadari ke fitarwa. Za a sa samfurin a cikin wani ɗan akwatin ƙarfe, ya haifar da wutar lantarki 'yar mitsitsiya. Ɗalibi na zaune, hannu ɗaya na ɗaga nauyin da ke rataye a jikin dutsen kwatz sannu a hankali, ɗayan na riƙe da agogon ƙidaya, ido kuma na kan ɗigon haske da ke motsi a kan ma'auni. Hannu ya ɗan yi rawa, awon ya lalace, sai a sake daga farko. Pierre Curie, mijin Marie, da yayansa Jacques ne suka gano sirrin dutsen a 1880: idan an ja shi ko an danne shi, yana samar da wutar lantarki, wadda ɗalibi ke daidaita ta da wadda samfurin ya haifar. Ni da na saba danna maɓalli lamba ta fito, sai na ji kunya ta kama ni.

Abin da ya ƙara min daɗi, ba a mayar da labarin na mutum ɗaya ba. A ginin nan Irène, 'yar Marie, da mijinta Frédéric Joliot suka yi binciken 1934 kan yadda za a sa sinadari ya fara fitar da irin wannan tururin, wanda ya kai su ga kyautar Nobel a 1935. Marguerite Perey ta shigo a 1929 tana da shekara 19, aikinta shirya sinadarai, a 1939 ta gano sinadarin faransiyom. Ciwon daji ya kashe ta a 1975.

Akwai kuma akwatin katako mai dalma a ciki, wanda aka ɗauko giram ɗaya na radiyom a cikinsa daga Amurka a 1921, bayan matan ƙasar sun yi karo-karo sun tara dala 100,000. Can gefe ga man shafawa da hodar Tho-Radia da aka riƙa tallatawa da sunan radiyom. Wai a shafa a fuska don a yi kyau!

Masu ƙananan yara, ban ga abin da zai riƙe su ba. Malaman kimiyya da ɗaliban jami'a kuwa, ku je, ku leƙa har lambun baya da Marie ta sa aka dasa da kanta tana kula.