Ingarma zakara: a ci gaba da sukuwa ko a ajiye shi barbara?

Masu bibiyar sukuwar dawakin Thoroughbred, wato irin dawakin da ake kiwo musamman don tsere, sun sha tambayata: in ingarma ya yi fice yana shekara uku, a ƙara masa shekara a fili, ko a kai shi ga goɗiyoyi?

Ta fuskar kuɗi, barbara ce gaba. An raba hannun jarin mallakar Secretariat, wani ingarman Amurka, kan dala miliyan 6.08, aka kuma ajiye shi a 1973, shekarar da ya cinye manyan tseren Amurka uku na dawaki 'yan shekara uku (Kentucky Derby, Preakness da Belmont). Fitaccen ingarma kan hau goɗiya fiye da ɗari a shekara, kowace da kuɗinta.

Haɗari kuwa a fili yake zaune. Wani doki mai suna Barbaro ya ci Kentucky Derby a 2006, bayan mako biyu ƙafarsa ta baya ta karye a tseren Preakness, jim kaɗan da fitowa daga ƙofar fara tsere. Ya mutu a Janairun 2007 bai bar ɗa ko guda ba. Abin na taɓa ni har yau. Sai dai barbarar ma ba tabbas: wani zakaran dokin Amurka, Cigar, da duk bajintarsa, bai iya haihuwa ba.

Suna mai ɗorewa fa? Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya ya bar dokinsa Frankel ya ƙara shekara a Ingila, ya gama da nasara 14 cikin tsere 14, ya fara barbara a 2013 kan fam 125,000 kowace goɗiya.

Mai neman mayar da jarinsa, barbara da wuri ta fi masa. Mai wadata da lafiyayyen doki, ƙarin shekarar ta dace da shi.