Simintin manne haƙoran tangaran a zafin Marwa: wanda ya riƙe mini da wanda na ajiye

Yawancin masu zuwa asibitina na haƙori a Marwa, arewacin Kamaru, neman gyaran haƙoran gaba, ba tsutsa ce ta kawo su ba, ba kuma karaya ba. Ruwan da suka sha suna yara ne. A yankin kogin Mayo Tsanaga, musamman wajejen Meri, rijiyoyi da burtsatse da dama ruwansu na ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Yaron da ya sha wannan ruwa lokacin da haƙoransa ke ƙulluwa a cikin dasashi, sai su fito da dabbare-dabbaren fari marar sheƙi, ko ja-ja, ko ruwan ƙasa, wani lokaci har da 'yan ramuka. Aswaki ba ya fitar da shi, gawayi da toka sai dai su ƙara cinye haƙorin, domin tabon a cikin jikinsa yake. Na ga 'yan mata da suka saba dariya hannu a baki har abin ya zame musu ɗabi'a, kuma su ne suka sa na damu da wannan aiki.

Wanda tabonsa ya yi zurfi kuma yake da hali, mukan sa masa faset, siririn ɓawon tangaran da ake mannawa a fuskar haƙori. Kaurinsa sau da yawa bai wuce rabin milimita ba. Idan haƙorin ya lalace sosai sai a yi masa hula, a rufe shi gaba ɗaya. Ƙirar tangaran ɗin ba a hannuna take ba, awo nake aikawa ɗakin ƙira a Duwala ko Yawunde. Abin da ya rage a wuyana shi ne manne, kuma a nan aikin yake tsayawa ko ya rushe. Hula tana zagaye haƙori ta kama shi ta ko'ina, ko da siminti mai rauni za ta iya zama. Faset kuwa babu abin da ke riƙe da shi sai simintin.

Na fara da abin da kowane ƙaramin asibiti yake da shi, simintin gilas ayonoma da Wilson da Kent suka fito da shi a Ingila a 1972. Ina girmama shi. Yana da araha, yana haƙuri da ɗan danshi, yana sakin fuloraid a hankali, kuma har yau da shi nake zaunar da hular ƙarfe a turamen baya. Amma ga faset bai dace ba ko kaɗan: haske ba ya ratsa shi yadda ya kamata, sai haƙorin ya fito kamar matacce, ƙarfin kamunsa kuma bai isa ya riƙe abin da ba ya zagaye haƙori ba. Duk wanda ya ce zai manna maka faset da shi don sauƙin kuɗi, ka ba shi haƙuri ka tashi.

Siminti na roba, wato rezin, shi ne na wannan aiki, kuma iri uku na yi amfani da su.

Na farko shi ne wanda ba ya daskarewa sai an haska masa shuɗiyar fitila. Na yi aiki da Variolink Esthetic na kamfanin Ivoclar da ke ƙasar Liktenstain, kuma a kan faset shi ne zaɓina har yanzu. Dalilina na farko lokaci ne. A watan Afrilu, lokacin da zafin Marwa ke haura digiri 40, duk simintin da ke daskarewa da kansa yakan yi gaggawa, kana cikin daidaita ɓawon sai ka ji ya fara tauri. Wannan kuwa yana jiranka. Ka zaunar da faset shida a jere, ka duba tsakiya, ka duba tsayi, ka share abin da ya tsattsafo, sannan ka kunna fitila. Dalili na biyu launi ne. Yawancin tsofaffin simintocin da ake gauraya kashi biyu suna da sinadarin amin, wanda ke komawa rawaya da daɗewa, kuma a ƙarƙashin tangaran siriri wannan rawayar fitowa take yi. Wannan ba shi da wannan sinadari. Fasetocin da na manna da shi, masu su suna dawowa wankin haƙori, launin yana nan yadda muka rabu.

Akwai kuma man gwaji da ke zuwa tare da shi, mai launi ɗaya da simintin amma ba ya daskarewa, ruwa ke wanke shi. Ga haƙoranmu masu duhun tabo wannan ba ƙawa ba ce, dole ce. Wata amarya daga Mokolo, mahaifiyarta na zaune a gefe, na sa mata ɓawon da man gwaji mai haske, tabon ƙasa ya leƙo. Na canza da mai ɗan duhu da ke rufe launi, na miƙa madubi. Uwar ta matso ta ce, “Likita, wannan ɗin, amma don Allah kar ya yi fari fat a ce na sayo mata ne.” Na ce, “Hajiya, shi ya sa muke gwadawa tun kafin a manna, domin bayan fitila babu komawa.” Mutanenmu ba farin talabijin suke nema ba, so suke a kalle su kada a gane an taɓa.

Sai dai wannan siminti ba ya yafe ganganci, kuma matakansa suna da yawa. Cikin ɓawon, idan na litiyom disiliket ne, wato tangaran mai gilashi irin e.max, ana shafa masa asid haidirofulorik mai ƙarfin kusan kashi 5 cikin 100 na daƙiƙa 20, a wanke, a busar, a shafa silan a bar shi minti ɗaya. Silan ɗin ne ke ƙulla gilashin tangaran da robar siminti. Wannan asid mugu ne, yana ƙona fata ya ratsa ciki, a kan tebur ake aikinsa da safar hannu da tabarau, nesa da bakin mutum. Shi kuma haƙorin ana shafa masa asid fosforik mai kashi 37, dabarar da ta samo asali daga aikin Michael Buonocore a Amurka a 1955. A nan ne namu ya bambanta da na littafi. Inamel, wato farin rufin haƙori mai tauri, idan fuloraid ya yi masa yawa, fatarsa ta waje tana gardama da asid, ƙasanta kuma sakayau ne. Daƙiƙa 15 zuwa 30 da aka saba ba kullum suke isa ba. Nakan ɗan kankare fatar sama, in ƙara lokacin asid, in duba ko fuskar ta yi fari ƙurau bayan bushewa. Amma ba na zurfafa kankara, domin manne a kan inamel ya fi manne a kan dantin ɗin da ke ƙarƙashinsa ƙarfi da daɗewa nesa ba kusa ba. Likitan da ya ci inamel ɗinka duka don ya ɓoye tabo ya cinye abin da simintin zai kama.

Yawu kuma abokin gaba ne. Manna faset a haƙori mai danshi tamkar shafa fenti ne a bangon da damina ta jiƙa. Ina sa shimfiɗar roba mai keɓe haƙora daga sauran baki, ko da mutum zai yi ƙorafin ta dame shi.

Iri na biyu shi ne mai manne kansa, wanda ba ya buƙatar a shafa wa haƙori asid ko wani ruwan share fage. RelyX Unicem na 3M ESPE ne ya buɗe wannan hanya a 2002, kuma na yi amfani da na gidansu da na wasu. Ga hular zirkoniya, wani farin tangaran mai tsananin ƙarfi, a turame, ko haƙorin da aka kashe jijiyarsa aka sa masa sanda, ya sauƙaƙa mini rayuwa. Matakai kaɗan ne, yana daskarewa har inda haske ba ya kaiwa, kuma ba kasafai masu shi ke dawowa da kukan tsamin haƙori idan sun sha ruwan sanyi ba. Haska shi daƙiƙa biyu, abin da ya tsattsafo ya yi ɗan tauri, ka ɓamɓare shi gaba ɗaya. Ga faset kuwa ba na kusantarsa, domin wannan iri kamunsa a inamel bai kai na mai asid ba, kuma ba don faset aka yi shi ba.

Na uku shi ne dangin Panavia na kamfanin Kuraray na Japan, da suka fara fitowa a 1983, masu sinadarin MDP da ke kama ƙarfe da zirkoniya. Zirkoniya ba ta da gilashi a jikinta, saboda haka asid haidirofulorik ba ya yi mata komai, silan shi kaɗai ma bai isa ba. Ana fesa mata garin alumina mai laushi da iska, sannan MDP ya kama ta. Idan kututturen haƙorin gajere ne, hula ba ta da wurin riƙo, wannan nake ɗaukowa, kuma bai ba ni kunya ba. Abin lura ɗaya: bayan an gwada hular zirkoniya a baki, yawu ya taɓa cikinta, kada a wanke ta da asid fosforik. Fosfet ɗin da ke cikin wannan asid yana mamaye gurbin da MDP zai kama. A sake fesa mata gari, ko a yi amfani da ruwan wanki da aka yi musamman dominta.

Abin da ya fi cin raina a duk wannan ba ya cikin kwali, a hanya yake. Wasu daga cikin simintocin nan an rubuta a ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8, wasu kada su wuce 25. Kayanmu kuwa daga Duwala suke tasowa, jirgin ƙasa ya tsaya a Ngaundere, mota ta ɗauka ta ratsa Garwa da rana tsaka kafin su iso mu. Na taɓa karɓar siminti daga wani dillali, kwanan watansa bai ƙare ba, amma da na matsa shi a takarda na gauraya na rufe, har minti goma bai yi tauri ba. Zafi ya kashe sinadarin da ke tayar da daskarewar tun a hanya. Tun daga nan duk sabon bututu sai na gwada shi a takarda kafin ya shiga bakin mutum, ina sayen ƙananan bututu maimakon manya, ina kuma yin oda a lokacin hunturu, Disamba da Janairu. A asibiti yana cikin firji tare da robobin ƙanƙara saboda ɗaukewar wuta, in fito da shi tun da wuri ya saki sanyi kafin aiki. Fitilar ma mai batir ce, kuma ina auna ƙarfinta, domin fitila mai rauni kan bar siminti ɗanye a ƙasa alhali samansa ya yi tauri.

Ga mai shirin zuwa a yi masa, abu biyu suna hannunsa. Man kanumfari da muke ɗigawa a haƙori mai ciwo yana da yujinol, shi kuma yana hana rezin daskarewa da kyau. A daina shi kafin ranar manne, a kuma gaya wa likita, shi ma kada ya sa simintin wucin gadi mai ɗauke da shi. Wanda aka yi wa farar da haƙori da sinadari kuma ya dakata kamar mako biyu, saboda iskar oksijin da ta saura a haƙorin tana raunana manne. Bayan an gama, goro da shayi ba sa rina tangaran, amma suna rina siririn layin simintin da ke bakin dasashi, don haka a riƙa zuwa ana gogewa. Rake a yanka shi ƙanana a tauna da turame, ƙashi da murfin kwalba kuwa a bar su.

Tsada akwai ta. Cikakken kwalin mai fitila, da asid ɗinsa da silan da man gwaji, ya ninka gilas ayonoma sau da yawa, kuma wani launin yakan lalace a firji kafin a ƙarar da shi. Saboda haka a odar hunturun bana na rage launuka zuwa biyu, mai haske da mai rufe tabo, na ƙara bututu ɗaya mai MDP domin hulunan zirkoniya da ke ƙaruwa daga masu zuwa daga Kuseri da Injamena.