Kafson Hydroxyurea 500mg ga masu kaurin jini: yana aiki, amma sai da gwaji

Yawancinmu a hannun masu sikila muka san wannan kafso, sai dai likitocin jini na ba da shi ga masu polycythemia vera, wato kansar ɓargo da ke sa jajayen ƙwayoyin jini su yi yawa har jini ya yi kauri. Ba hawan jini ba ne, ko da yake sukan haɗu a mutum ɗaya.

Aikin kafson rage wa ɓargo gudu. Abin da ake dubawa shi ne PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, ana son ya zauna ƙasa da kashi 45, domin in ya haura haka gudan jini na iya toshe jijiya, ya kawo shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya. Ba kowa ake ɗora wa kafson ba. Wanda bai kai shekara 60 ba, jijiya kuma ba ta taɓa toshe masa ba, sau da yawa ɗibar jini leda guda, kimanin mililita 450, da ƙaramin asfirin sun wadatar. Wanda ya haura 60 ko ya taɓa samun toshewa, shi ake farawa da kafso ɗaya ko biyu a rana, likita na gyara adadin bisa sakamakon gwaji.

A ganinmu ya ci kuɗinsa. Yana sauko da PCV da ƙwayoyin daskarar da jini, yana rage yawan zuwa ɗibar jini, kuma ya fi ruxolitinib, wani maganin wannan cutar, araha nesa ba kusa ba. Inda ya gaza shi ne ƙaiƙayin nan da ke taso wa mai cutar bayan wanka da ruwan ɗumi. Da yawa suna sha suna ci gaba da susa.

Illarsa kuma a fili take. Farce kan yi baƙi, baki ya yi ƙuraje, wani lokaci gyambo ya fito kusa da idon sawu, ya ƙi warkewa duk wankin da za a yi masa sai an dakatar da maganin. Mafi haɗari shi ne fararen ƙwayoyin jini su faɗi ƙasa ba a sani ba. Shi ya sa ake gwajin jini duk mako ɗaya ko biyu da farko, daga baya duk wata biyu zuwa uku. Zazzaɓi ya zo, a tafi asibiti ranar, kada a ce maleriya ce a tsaya a kemis.

A haɗiye kafson dungurungum, kada a buɗe, a wanke hannu bayan an taɓa. Mai ciki da mai shayarwa ba nasu ba ne. Mai cutar kan ji kasala saboda ɗibar jini ta ƙarar masa da sinadarin ƙarfe, sai 'yan uwa su sayo masa maganin ƙarin jini. Kwalbar nan ita ke sake tayar da PCV, kada a sha sai likitan jini ya ce.