Detroit: Become Human a idon mai kallo, ba mai riƙe da hannu ba

Yawancin gem ba a yi su don ɗan kallo ba. Wanda ya zauna gefen maigida ko uwargida suna buga ƙwallo a PlayStation, bayan wasa biyu ya gama ganin duk abin da zai gani. Na harbe-harbe kuma, waɗanda ake kallon duniya ta idon ɗan wasan, jiri suke sa mai kallo, domin wani ne ke juya kyamara, idonka bai san inda za a waiga ba sai an waiga. Detroit: Become Human na cikin 'yan kaɗan da ke ba na gefe aikin yi, kuma a kan wannan ma'auni na auna shi.

Kamfanin Quantic Dream na Faransa ne ya yi shi, ya fito a PS4 a 2018, aka sake shi a kwamfuta a 2019, kuma faifan PS4 yana aiki a PS5. Labarin yana faruwa a birnin Detroit na Amurka a shekarar 2038, ana bin mutum-mutumi uku: Connor mai binciken laifi, Kara mai aikin gida, da Markus mai jinyar wani dattijo mai zane. Zagaye ɗaya yana cin awa 10 zuwa 12, an yanka shi babi-babi, mafi yawansu gajeru ne, don haka babi biyu ko uku bayan sallar isha'i sun isa zama guda.

Ƙarfinsa yana wajen zaɓi. Kusan kowace magana ana jera amsoshinta a allo, kowacce da maɓallinta, kuma abin da aka zaɓa yana iya kashe ɗaya daga cikin mutum-mutumin har abada labari ya ci gaba babu shi. Wannan aiki ne na kai, ba na yatsa ba, saboda haka mai kallo da mai bugawa ƙarfinsu ɗaya. Babin farko ya isa gwaji: an yi garkuwa da yarinya a saman bene, Connor yana bincika gidan kafin ya fita tattaunawa, allo yana nuna kason yiwuwar nasara, kason yana hawa duk lokacin da aka gano wata alama. Mai riƙe da hannun wasa, wato na'urar maɓallan da ake buga wasan da ita, hankalinsa na kan tafiya da kyamara, na gefe shi ke hango abin da aka wuce. Idan aka danne maɓallin R2 komai yana tsayawa, wuraren da za a taɓa su fito da alama. A riƙa barin sa na ɗan lokaci don na gefe ya gama dubawa.

Inda rigima take shi ne yawancin zaɓin da lokaci ake ba su, daƙiƙoƙi kaɗan ne, kuma kalma ɗaya ko biyu ake rubutawa da Turanci. Kafin a ce "me kika gani?" lokaci ya ƙare. Maganin da ya fi aiki shi ne a raba 'yan wasan tun farko: misali duk hukuncin Kara na mai kallo ne, na Connor na mai bugawa, Markus a yi shawara. Mai kallo ya faɗi sunan maɓalli, da'ira ko alwatika, kada ya tsaya bayani. Idan babban hukunci ne, a karanta amsoshin da ƙarfi, a danna Options a tsayar da wasan, sannan a yi muhawarar.

Bayan kowane babi ana nuna taswirar rassan labari, hanyar da aka bi a buɗe, waɗanda ba a bi ba a kulle, kuma idan akwai intanet ana ganin kason 'yan wasan duniya da suka zaɓi irin naku. A nan hira take daɗi. Ana iya komawa a sake babi, amma shawarata kada a yi haka a zagayen farko, domin da zarar na gefe ya gane ana iya goge hukuncinsa, ya daina ɗaukar sa da muhimmanci.

Saiti uku ne ke gyara zaman. A kunna rubutun ƙasan allo, saboda na gefe yakan yi magana a kan sautin. A zaɓi matakin Casual, wato mai sauƙi, idan mai bugawa bai saba da danne-dannen gaggawa ba, don kada kuskuren yatsa ya rushe abin da aka yanke tare. Sai sauti: idan aka soka iyafis a hannun wasa, talabijin yakan yi shiru, mai kallo ya koma kallon kurame. A cire shi, ko a shiga saitin sauti a mayar da Output to Headphones kan sautin hira kaɗai. A PS5 akwai ƙari tun sabuntawar 2023: a sashen Accessibility ana haɗa hannu na biyu ya yi aiki tare da na farko kamar guda ɗaya, sai mai kallo ya danna amsarsa da kansa. Wasan yana ajiye ci gaba da kansa, amma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar babi za a koma wurin ajiya na baya, kuma yawan mutuwar na'ura ba zato yana iya lalata abin da ta ajiye, don haka ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura idan aka ɗauke wuta, ba almubazzaranci ba ne.

Aibinsa a fili yake. Babukan farko suna da sanyi: Kara tana wanke-wanke da kwashe shara, Markus yana zuwa sayen fenti, mai bugawa yana da abin dannawa, na gefe hamma kawai. Tafiyar 'yan wasan ma nauyi gare ta. Sannan na manya ne, shekara 18 aka sa masa: akwai uba mai dukan 'yarsa, akwai zagi, akwai babin gidan rawa na Eden Club da shigar da ba ta dace a gani da yara ko surukai a falo ba. Wannan babin a san da zuwansa tun kafin a kai shi, a sallami yara, ko a bar shi sai dare ya yi.