Ma'aunin damtse mai launi uku: yadda na same shi bayan damina guda

A farkon damina wata jami'ar lafiya ta zo ƙauyenmu da ke yankin Ringim ta raba wa iyaye mata wani siririn ma'auni mai launi uku na gano tamowa a jikin yara, kuma da yake ɗan ƙanwata yana cikin waɗanda aka auna, na tsaya na ga aikin tun daga farko. Ana zagaya shi a damtsen hagu, daidai tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu, ga yara 'yan wata 6 zuwa 59. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa, abin da ya haura kuma kore.

Yaron ya faɗa ruwan ɗorawa. Hankalin uwarsa ya tashi, ta ce, "Malama, ke nan tamowa ta kama shi?" Jami'ar ta yi mata bayanin da har yau nake ganin shi ne darajar wannan ma'auni: launin yana nuna kusancin yaro da haɗari ne, domin wanda damtsensa ya shiga ja, gudawa ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro sun fi saurin kayar da shi fiye da ɗan'uwansa mai kore. Ta kuma rubuta adadin ja da ruwan ɗorawa na unguwa duka, saboda idan yara masu rama suka kai 15 cikin 100, a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya lamarin ya yi tsanani ƙwarai, kuma wannan lissafi ya fi muhimmanci a watannin da rumbu ya yi ƙasa kafin gero ya nuna.

Ma'aunin yana da rauni, ban ɓoye ba. Ba ya gano kumburin tamowa, sai an danna bayan ƙafar yaro da babban yatsa na daƙiƙa 3 an ga ko gurbi ya zauna, kuma idan aka matse ma'aunin da yawa ko aka bar shi sako-sako, sakamakon ya ɓaci. Namu ma lambobinsa sun fara gogewa kafin kaka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maƙwabciyarmu da ɗanta ya shiga ja, ta biya kuɗin babur zuwa asibiti sau biyu ana ce mata abincin tamowa ya ƙare.

Duk da haka ƙanwata, wadda ba ta yi boko ba, tana auna ɗanta kowace Juma'a, kuma ita ta fara kirana ta ce, "Yaya, ya koma kore."